Jirgin da Baba Arzika Ya Nutsar

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan, cewa dangin uwarku na Kalgo sun taɓa cutata a kan jirgin ruwa, shi ya sa ƙafarmu ta ɗauke daga can. Kwanan baya na ji 'yar'uwarku Sa'adatu tana ba 'yarta labarin a tsakar gida, har da ƙarin gishirin da ni kaina ban san da shi ba. To, ba haka aka yi ba. Ba wanda ya cuce ni a Kalgo. Mutum uku suka san yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe, biyu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, kuma idona ya fara gajiya da rubutu. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba don ku ji tausayina ba, kuma ba don ku ji haushina ba, ko da yake kowanne kuka ji ba zan hana ku ba.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, En'e ta tura ni Kalgo koyar da Larabci a makarantar elementare. Ni Bagwandu ne gaba da baya, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na buta. Mahaifina, Malam Haliru, kakanku ke nan, ya raka ni har bakin gari, ya miƙo mani wata gafaka ta jan fata. A cikinta akwai littafin nahawu wanda mahaifinsa ya kwafa da hannunsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, yadda littattafanmu na dā suke, gefen kowace warƙa cike da ƙananan bayanai na kakana da na mahaifina. Bai ba yayyena ba, ni ya ba. Ban manta da abin da ya ce ba.

"Buhari, aro na ba ka, ba kyauta ba. Ka maido man shi yadda ka amshe shi."

A shekarata ta farko a Kalgo na auri uwarku, Kulu. Mahaifinta ya rasu tana goye, kawunta ne ya riƙe ta, wan mahaifiyarta, Baba Arzika. Basarke ne, wato mutumin ruwa, su da tuƙin jirgi ya gada. Gajere ne, ƙirjinsa faffaɗa, tafin hannunsa kamar bayan akushi don kauri, kuma in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Mahaifina bai hana auren ba, amma bai yi murna ba. Ya ce dai mutanen ruwa ba a san cikinsu ba. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Yamma da gari akwai wani tafki da gulbi ke cikawa da damina, ya bar shi da ruwa har bazara. Nan nake zuwa bayan la'asar in zauna gindin wata kanya in yi karatu, don gidan da aka ba ni yana jikin kasuwa, ga masu kifi, ga masu daka, ga awakin maƙwabta. Ina zaune nan wata rana tunanin jirgi ya shigo mani. Ina yaro na taɓa bin mahaifina Yawuri, na ga wasu mutane a kogin Kwara sun kafa sanda a tsakiyar jirgi sun ɗaura tabarma, iska na tura su, su kuwa suna zaune suna cin goro, ba mai riƙe da filafili. Abin ya zauna mani a rai shekara da shekaru. Sai na ce me zai hana in sami ɗan ƙaramin jirgi, in kafa masa tabarma, iska ta kai ni tsakiyar tafki, in buɗe littafina inda ba akuya ba mai tallar kifi? Ba su zan yi ba, ba fito zan yi ba. Shan iska kawai. A Kalgon wancan lokaci, mutum ya ce zai shiga ruwa ba don kifi ko ƙetare ba, daidai yake da ya ce zai yi noma ba don hatsi ba. Da na gaya wa Kulu, sai da ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Malam, in iska kaka so, ai ga ta nan ƙofar ɗaki, ba ta da kuɗɗi."

Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce lalle kam, ta ci gaba da dakanta.

Na fara da abin da na iya. Na sa aka saro mani doguwar gora mai kauri, na kankare ta, na sayi sabuwar tabarmar kaba na ɗinka mata igiya a kusurwa huɗu. Jirgi kawai ya rage, kamar wanda ya sayi sirdi da linzami yana jiran doki. Ranar wata Juma'a Baba Arzika ya biyo gaishe mu, ya ga gorar jingine da zana. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai, ba ma haɗa ido, ba ma cin abinci wuri ɗaya, magana ma sai ta kama dole. Ya tsaya gaban gorar.

"Malam, wagga gora hwa, ta mi ta?"

Na durƙusa na yi masa bayani, kaina a ƙasa, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya kama gindin gorar da hannu ɗaya, ya zagaye ta da babban yatsa da manuni, ya riƙe haka ɗan lokaci yana kallon hannun nasa. Sai ya sake ta.

"Ka ba ni kwana goma," in ji shi. "In sun cika ka ishe ni bakin tabki."

Kwana goma suka cika ranar kasuwa. Na yi wanka, na sa farar rigata mai aiki, wadda nake zuwa masallacin Juma'a da ita, da takalmin fata, don a ganina sayen jirgi babbar harka ce. Na iske shi a bakin tafki tare da wasu sarkawa huɗu suna gyaran taru. Muka gaisa. Na duba hagu na duba dama, ban ga jirgin da ya yi kama da na sayarwa ba. Sai ya miƙa hannu ya nuna cikin ruwa, kamar taku goma daga gaɓa.

"Ga shi can. Shi na naka."

Abin da na gani shi ne hancin itace baƙi ya ɗan leƙo, sauran jikin duka yana ƙarƙashin ruwa, gansakuka ta fara kama bakinsa, kuma ta cikin ruwan ina hango manyan duwatsu a cikinsa. Jirgi ne nutsattse. Ban san lokacin da zuciyata ta ɓaci ba. Na tuna maganar mahaifina a kan mutanen ruwa. Na ce a raina, wato don ni baƙo ne, malamin makaranta mai farar riga, shi ya sa za a haɗa ni da gawar jirgin da ta kasa ɗaukar kanta, kuma a gaban mutane. Na kasa faɗa masa haka, don suruki ne. Na ce dai, cikin ladabi iyakar iyawata, kamar na ga ruwa a cikinsa.

"Don haka munka aje shi," in ji shi. "Maɗaci na. Shiga ka taɓa shi, Malam. Ruwan bai kai ƙugu ba."

Ban shiga ba. Dalilina uku ne, kuma na daɗe ina jera su ina sake jerawa. Na ɗaya, ba zan tuɓe riga a gaban surukina ba. Na biyu, ba zan shiga da ita ba, don wankinta da bugunta aiki ne. Na uku, wanda ban gaya wa kowa ba a lokacin, tsoron ruwa nake ji. Da na tambaye shi me ya sa aka nutsar da jirgin, da ya gaya mani. Amma ni nake koyar da yara, na saba a tambaye ni, ban saba tambaya ba. Shi kuma ba zai ja magana da mijin 'yarsa a gaban jama'a ba. Sau ɗaya kawai ya faɗa.

Can gefe, gindin wata tsamiya, akwai wani jirgi kife a kan tudu, busasshe, fari fes, siriri, dogo. Mai shi wani baƙo ne da ya zo cin kasuwa daga ƙasan gulbi, ana ce masa Tunau. Tun da na iso yake kallon rigata. Na je na zagaya jirgin. Ni abin da na sani zaɓen doki ne, gidanmu ba a rasa doki ba, don haka da idon doki na dube shi: siririn ciki, dogon wuya, ba nauyi. Na ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara mai daɗi. Na ɗaga gefe ɗaya da hannu guda ya taso. Na ga wasu layuka a cikinsa an shafe su da wani abu baƙi, Tunau ya ce ado ne. Na waiwayo na ce wa Baba Arzika ina ganin wannan zai fi dacewa da ni, tunda shi dai ba a tsamo shi daga ruwa ba. Na faɗe ta da murmushi, a zatona na iya magana. Sarkawan nan huɗu suka daina gyaran taru. Baba Arzika ya dubi jirgin sau ɗaya.

"Rimi na," in ji shi. "Kuma ya kwan biyu tudu."

Na ce na gode da shawara. Ya ce Allah ya sa alheri. Na saya.

Da azahar na koma gida, Kulu ta kawo mani tuwon shinkafa, na ba ta labari ina jin kaina, har da kwaikwayon yadda hancin jirgin kawunta ya leƙo daga ruwa. Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba in ina cin abinci.

"Malam, mu nan ba a barin jirgi tudu. Rana na tsaga shi. Wanda aka so, shi aka nutsewa, a aza mai duwatsu, itacen shi sha ruwa shi kumbura, ko allura ba ta samun wurin shiga. Wanda kag gani ƙarƙashin ruwa, shi na mai kyau. Ka maida wancan."

Na gane gaskiya ta faɗa tun kafin ta rufe baki. Amma na riga na yi magana a gaban mutum huɗu, kuma ban ga yadda malami zai koma bakin tafki ya ce matarsa ta koya masa ba. Na ce mata namiji ba ya saye ya mayar. Ta ɗauke kwanon ta fita.

Kwana uku na yi ina shiri. Jirgin ba shi da wurin kafa gora, don haka na gicciya itace a bakinsa na ɗaure gorar da igiya, ɗauri irin na tirken doki. Na sa shi a ruwa, ya fara tsattsafowa ta layukan nan da aka ce ado ne. Ashe tsaga ce aka cusa wa tsumma aka shafe da danƙo. Na ce in ya sha ruwa zai kumbura, ai haka Kulu ta ce. Ban yi tunanin cewa tsagar da ɗan yatsa ke shiga ba kumburi ke rufe ta ba. Ranar Alhamis ba makaranta da yamma, ƙarshen damina ne, rana na fita, ga 'yar iska mai daɗi daga gabas. Na ɗauki gafakar mahaifina na rataya, na ɗauki ƙoƙo don kwarfar ruwa, na shiga.

Dole in faɗi gaskiya a nan ma: abin ya yi. Tabarmar ta kumbura, igiyar ta miƙe a hannuna, jirgin ya zame daga gaɓa ba tare da na taɓa filafili ba. Ƙarar kasuwa ta yi nisa har ta ɓace, sai ɗan kukan ruwa a jikin itace. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, kafinsa ko bayansa, kuma bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Na hango wani jirgi can baya yana bina a hankali, mutum ɗaya a ciki, na ɗauka mai su ne. Na kwance gafaka, na fito da littafin, na ɗora a cinya. Ruwa ya riga ya rufe mani idon sawu, ina kwarfa da hagu ina buɗe warƙa da dama, igiyar tabarma kuwa na ɗaure ta a ƙafata don hannu bai isa ba.

Sai iskar ta ƙaru. Ba guguwa ba ce, irin bugun nan ne guda ɗaya da kan zo gaban hadari. Tabarmar ta ja, gorar ta karkata, ruwan da ke cikin jirgin ya gangara gefe ɗaya gaba ɗayansa, siririn cikin da na yaba ya juya kamar an kifar da ludayi. Abin da na tuna bayan nan kaɗan ne. Ruwan kore ne, rigar ta naɗe mani kai, igiyar na jan ƙafata ƙasa. Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya, an yanke igiyar, an jawo ni kan wani jirgi kamar buhun gero. Na yi ta amai. Da na ɗaga kai, Baba Arzika ne. Shi ne mai sun da na hango. Tun daga gaɓa yake bina.

Ya tsaya a jirginsa yana tsince warƙoƙin da ke yawo bisa ruwa, ɗaya bayan ɗaya, da bakin filafili, yana jerawa a kan wani busasshen taru. Da muka fito ya shimfiɗa su a kan ciyawa, ya ɗora wa kowace ɗan tsakuwa don kada iska ta kwashe. Bai iya karatu ba, amma da hannu biyu yake ɗaukarsu. Tawadarmu ta gida ba ta jure ruwa, kun sani, ita ce ake wankewa daga allo. Rubutun kakana ya narke, ya zama baƙin gajimare a kan takarda, sai kalma ɗaya nan, rabin layi can. Na zauna a laka da farar rigata ina kallo. Da ya gama, ya tuɓe tasa rigar ya ajiye kusa da ni, ya juya baya don kada ya ga tsiraicin surukinsa.

"Sa wagga, Malam. Kar ka ratsa gari haka."

Bayan mako biyu na tafi Gwandu da gafakar. Na iske mahaifina a zaure tun almuru bai yi ba, shi kaɗai. Na ajiye ta gabansa. Ya buɗe, ya ɗaga warƙa ta farko, ta biyu, ta uku, ya mayar. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ce jirgi ne ya kife da ni. Bai tambayi abin da ya kai ni ruwa da littafi ba, da ya tambaya wataƙila da komai ya bi wata hanya. Abin da ya tambaya shi ne:

"Kai mi kas sani ga jirgi? Wa yaz zaɓa maka shi?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, da Baba Arzika munka tahi saye."

Ku duba maganar da kyau, ba ƙarya a cikinta. Tare muka je. Na daɗe ina fakewa a bayan wannan. Mahaifina ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe da sani. Ya ce sun ga baƙo mai albashi. Ya ce dama ya faɗa. Ina durƙushe, kalma huɗu ko biyar sun isa su gyara zancen, na ji su a bakina, na haɗiye. Tsoronsa nake ji, kuma ina son ya ci gaba da ganina a matsayin ɗan da ya cancanci a ba shi littafin. Kafin mako ya zagayo ya aika Kalgo da saƙo ta bakin wani mai jaki, cewa ya gode da irin riƙon da aka yi wa ɗansa, kuma ba ya son jikokinsa su tashi a bakin ruwa. Ya kuma bi ta inda ya san ana bi, shekara ba ta ƙare ba aka mayar da ni Gwandu.

Saƙon ya isa. Baba Arzika bai aiko da amsa ba. Yana da shaidu huɗu da suka ga cinikin, bai kira ko ɗaya ba. Ranar da za mu tashi ya zo da kifi busasshe da ƙwaryar shinkafa, ya sa wa Kulu albarka, ya gaishe ni kamar kullum, ido a ƙasa. Uwarku kuwa sau ɗaya ta yi mani maganar a duk zamanmu, muna kan hanya, tana goye da ɗanmu Bello.

"Malam, shi yat tsamo ka hwa."

Na ce na sani. Ba ta sake ba. Ta zauna a gidan mahaifina ana yi mata gorin kawunta a kaikaice, a wurin daka, a wurin suna, tana jin yadda labarin ke girma, ba ta taɓa buɗe baki ta tona ni ba. Zuwa Kalgo kuwa sai da dalili mai ƙarfi, kuma ba da yara ba. Mutumin da ya goye ta, sau biyu kawai ta ƙara ganinsa.

Shekara huɗu bayan haka aka aiko ya rasu. Mahaifina ya yarda mu je gaisuwa, ni da ita. Muka isa ranar sadakar uku. Bayan an yi addu'a an watse, babban ɗansa Manu, wanda muke kusan sa'a da shi, ya ce in zo mu taka, akwai abin da zai nuna mani. Muka gangara bakin tafki. Kanyar da nake zama tana nan, tsamiyar ma tana nan. Ya miƙa hannu ya nuna cikin ruwa, kamar taku goma daga gaɓa. Hancin itace baƙi ya ɗan leƙo.

"Baba ya ce kar a taɓa shi, jirgin Malam na. Kowace shekara shi kan hidda shi, shi kankare, shi duba, shi maida. An yi ta son saye, ya ƙiya. To yanzu ba ya nan. Mi kac ce a yi da shi?"

Na ce ai ban saya ba.

"Ba na saidawa ba na," in ji Manu. "Kyauta yai niyyar yi maka. Ba ka tsaya ba ka ji."

Farar riga ce a jikina ranar ma, ta zuwa gaisuwa. Na cire takalmi kawai na shiga. Ruwan bai kai ƙugu ba, yadda ya faɗa. Na dafa bakin jirgin, mai kauri, mai faɗin ciki, irin wanda ko mutum uku sun jingina gefe ɗaya ba zai juya ba. Na bi jikinsa da hannu ban ji tsaga ko ɗaya ba. A tsakiyarsa hannuna ya ci karo da wani katako da aka gicciya aka kafe da kyau, abin da ba a yi wa jiragen su. A tsakiyar katakon akwai rami, zagayayye, sumul. Can ƙasa daidai da shi, a cikin jirgin, an kafa wani guntun itace mai gurbi, inda gindin sanda zai zauna. Na zagaye bakin ramin da babban yatsa da manuni. Faɗin gorata ne, ba ƙari ba ragi. Abin da ya yi da kwana goman ke nan. Yana nan tun ranar da na tsaya a gaɓa ina tsoron rigata ta jiƙe.

Na daɗe tsaye a cikin ruwan. Manu ya zauna a gaɓa yana jirana. Da na fito na ce masa ya fitar da jirgin ya yi su da shi, ya ce to. Na ji daga baya ya yi aiki da shi har ya tsufa, kuma bai taɓa cire katakon ba, ko da yake yana tare masa wurin taru.

Za ku so in ce da na koma Gwandu na durƙusa gaban mahaifina na faɗi gaskiya. Na yi niyya, har na tsara maganar a hanya. Da na shiga zaure ya dubi bakin rigata da laka ta rina, ya tambaye ni me ya same ta. Na ce hanya ce ba kyau. Ya rayu shekara tara bayan haka, ban faɗa ba. Uwarku ta rayu shekara talatin da wani abu, ban faɗa a gabanku tana ji ba, abin da na san shi kaɗai take jira daga gare ni.

Gafakar tana cikin akwatina na ƙarfe, warƙoƙin suna ciki. Ba abin karantawa a jikinsu, don haka kada ku yi faɗa a kansu. In kun buɗe za ku ga kowace tana da ɗan tabo a tsakiya, inda aka ɗora mata tsakuwa. Jikokin Manu suna nan Kalgo, gidansu na ƙarshe kafin a gangara tafki. Wanda zai je a cikinku ya tafi da gafakar, ya karanta masu wannan da ƙarfi a ƙofar gida, inda maƙwabta za su ji, ya ce masu ni na zaɓi jirgin.